Labarin Jakara: Yadda Ruwan Da Ake Tsoro Ya Koma Juji



Duk ɗan Dogo-Dogo da ya taɓa cin rani a Kano ya san Jakara. In bai san sunanta ba, to, ya san warinta. Ita ce baƙar kwatar nan da ta taso daga cikin birni wajen Kasuwar Kurmi, ta ratsa Fagge, ta bi ta gefen Sabon Gari, ta nufi arewa maso gabas, tana ɗauke da leda da tsummoki da jinin mahauta da duk abin da mutum ya gaji da gani a gidansa. Yaran yanzu suna tsammani tun fil azal haka take, watau an haƙa ta ne don a riƙa zuba shara. Ba haka ba ne. Rafi ne na Allah, kuma akwai zamanin da mutane ke tsoronsa, har suna kai masa yanka. Na ga ya kamata a rubuta labarin a wannan takarda tamu, domin hanyar da Jakara ta bi ta lalace ita ce garuruwanmu suka ɗauko yanzu, sa'an nan kuma a cikin masu juye mata shara da dare akwai 'ya'yanmu.

A cikin littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya juya shi zuwa Turanci a 1908, an ba da labarin mutanen da ke zaune a gindin Dutsen Dala tun kafin zuwan Bagauda, watau wajen shekara dubu ke nan da suka wuce. Babbansu shi ne Barbushe. Littafin ya ce suna da wani kurmi wanda ya kewaye ruwa, ana ce da shi Kurmin Baƙin Ruwa, shi ne Jakara. In wata masifa ta tunkaro ƙasar, can suke zuwa su yanka baƙin kare da baƙin bunsuru. Wannan aikin jahiliyya ne, Allah ya raba mu da shi. Amma mu lura da abu guda. Ruwan da ake tsoro ba a yi masa ƙazanta. Dattawanmu sun san irin wannan, don a da kusan kowane gari yana da wani tabki ko wata tsamiya a bakin fadama inda ake cewa akwai masu wurin, ba mai zuwa ya tsuguna, ba mai zubar da toka. Ko akwai iskoki ko babu, ruwan dai ya tsira.

Da Musulunci ya kafu, tsoron kurmin ya tafi. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwa a bakin wannan ruwa, har yau kuwa sunanta Kasuwar Kurmi, ko da yake mai neman inuwar kurmi a wurin yanzu zai sha wuya. Inda kasuwa ta zauna, nan mahauta za su zauna, da masu abinci, da fatake da jakunansu da raƙumansu. Birni ya yi ta cika. Kowane gida da ƙasa ake gina shi, ƙasar kuwa a cikin unguwa ake haƙa ta, saboda haka kowace unguwa ta sami kududdufinta. Waɗannan kududdufai, ban da sauro da kwaɗi, suna da wani aiki babba wanda ba a gane ba sai da aka rasa su. In an yi ruwan sama, ruwan indararo ya zubo tsakar gida, ya fita ta rariya zuwa lungu, daga lungu ya gangara kududdufi. Nan zai tsaya ya huce, laka ta kwanta, wani ya nutse cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa. Sai in kududdufi ya cika ya batse sa'an nan ragowar ta tafi Jakara. Watau ruwa ba ya isa rafi gaba ɗaya a sa'a ɗaya.

Kada wani ya ce ina yabon zamanin da, wai birni fes yake kamar ƙwarya sabuwa. A'a. Wani Bature, Clapperton, ya shiga Kano a 1824, ya kuwa rubuta cewa akwai wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, ga kududdufai barkatai, ga kwatocin gidaje suna zubowa kan hanya suna wari, ya ce wannan shi ke kawo wa garin rashin lafiya. Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya zo a 1851, shi ma ya yi kukan Jakara da zazzaɓin birnin. Wannan Barth ɗin ya sauka a Damagaram ma a ƙarshen 1852. Ya ƙiyasta mazaunan Kano wajen mutum 30,000, in lokacin fatauci ya zo su kai ninki biyu. To, dauɗa ba sabon abu ba ce. Abin da ya sake shi ne irin sharar, da yawanta, da kuma inda take zuwa.

Nan nake so mu tsaya kaɗan, don nan ne gindin maganar. Sharar mutanen da mece ce? Toka ce, da kashin awaki da na kaji, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da karan dawa, da tsohuwar tabarma, da fasasshiyar ƙwarya, da ganyen da aka ƙunso goro ko daddawa a ciki. Duk abin da ya fito daga ƙasa ne, ƙasa kuma tana karɓar abinta. Shi ya sa juji ya zama dukiya. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, abin da ya riƙe su kuwa taki ne. Da rani sai ka ga jerin jakuna da asuba sun nufo birni ɗauke da itace da kara da hatsi, da yamma kuma su koma ƙauye da mangala cike da takin birni. Wani malami Bature, Mortimore, wanda ya yi bincike a ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya rubuta wannan zirga-zirga ta jakuna, ya nuna yadda ita ce ta sa ƙasa mai yawan jama'a haka ba ta gaji ba. Birni yana cin abin da gona ta ba shi, yana mayar mata da abin da ya rage. Mai gida ba zai zubar da jujinsa a rafi ba, don akwai mai zuwa ya kwashe, wani lokaci har da godiya da ɗan abin goro. Mu ma haka muka tashi muka gani a gida. Wa ya taɓa barin takin turke ya lalace? Kafin ruwa ya sauka an kwashe shi tsaf an kai gona, a kan jaki ko a amalanke. Mai babban juji a ƙofar gida, mai arziki ne.

Haka masu sana'a. Majema na da, da bagaruwa da toka suke jima. Marina kuwa da baba da toka, katsin da ya kwanta a gindin karofi ma ba a yar da shi, ƙona shi ake yi a sake aiki da shi. Akwai wari, ba shakka, amma abu ne mai ruɓewa.

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Ba a yi shekara goma ba jirgin ƙasa ya iso, cinikin gyaɗa ya buɗe, Sabon Gari ya kafu, Fagge ta cika, duk kuwa a bakin Jakara. Wajen 1931 En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga kogin Challawa. Wannan alheri ne babba, amma akwai abin da ke biye da shi. Gidan da a da tulu biyu ko uku ke isarsa a yini, yanzu ga famfo, ana wanka da wanki yadda aka ga dama. Ruwan da ya shiga gida kuwa tilas ya fita. An kawo ruwa, ba a yi masa hanyar fita ta kansa ba, domin ba a gina wa birnin babbar hanyar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa irin ta biranen Turai ba. Sai ya bi hanyar ruwan sama. Tun daga nan Jakara, wadda a da takan ja baya da rani, ta zama mai gudu rani da damina, amma da ruwan kwata.

A zamanin nan ne aka yi duba-gari. Tsofaffin 'yan cin rani suna ba da labarinsu: sai ka gan su da kaki da ludayi, su shiga gida su leƙa randa, in sun ga 'ya'yan sauro a kai mai gida gaban alƙali a ci shi tara. A wajenmu ma Faransawa suna da nasu ma'aikatan tsabta a manyan garuruwa. Mutane suna jin tsoronsu ƙwarai, amma ba su ƙaunarsu, don tsabtar ta fi ƙarfi a inda Bature ke kwana, kuma ba wanda ya zauna ya gaya wa talaka dalili. Tsoron iskoki ya tafi, tsoron duba-gari ya zo, da Bature ya tafi shi ma wannan tsoron ya bi shi sannu a hankali.

Sa'an nan masana'antu suka zo. Aka fara da Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa. Akwai masaƙu, da kamfanonin jima, da na roba, da na sabulu. Kamfanin jima na zamani ba da bagaruwa yake aiki ba, da wani gishirin ƙarfe ne da ake kira kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa. Ruwan Bompai yana bin wani rafi mai suna Getsi, Getsi kuwa Jakara yake faɗawa. Na Sharaɗa da Challawa suna gangarawa kogin Challawa, shi kuma ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya je ya zama Komadugu Yobe, wanda ya raba ƙasarmu da Nijeriya a wajen Diffa kafin ya shiga tabkin Chadi. Ku duba nisan tafiyar abin da aka zuba a kwata.

A lokaci ɗaya kuma fili ya yi tsada a birni. Aka shiga cike kududdufai ana yanka filoti, da me ake cikewa kuwa? Da shara. Kududdufin da ke tare ruwan unguwa ya zama gida ko kanti, ruwan sama ya rasa masauki, sai lambatu. Aka ɗaure bakin Jakara da siminti don ruwa ya riƙa wucewa da sauri. Ruwa ya riƙa wucewa, amma mutane suka ga an gina musu dogon rami a bayan gida, wanda ba na kowa ba ne.

Abin da ya ƙarasa kashe maganar shi ne leda. Ganye da ƙwarya da kwando suka ja baya, kome za ka saya sai a ƙulla maka a leda, ko gishirin dala ne. A shekarun 1990 ruwan leda ya bazu ko'ina. Leda ta shiga juji, da gwangwani, da fasasshiyar kwalba, da mataccen batir, da allurar asibiti. Manoma ba su daina son takin birni nan da nan ba, don har da motar tifa sun riƙa biya a juye musu a gona. Amma yanzu sai an tsince, in ba a tsince ba leda ta hana ruwa shiga ƙasa, ta sarƙe garma, kwalba ta yanke ƙafa, akuya ta ci leda ta rame ta mutu. Duk mahaucin da ka tambaya zai gaya maka irin dunƙulen ledar da yake fitarwa daga tumbin dabba. Juji ya tashi daga dukiya ya koma kaya. A da ana zuwa neman sharar gidanka, yanzu kai za ka biya a raba ka da ita. Birnin da Barth ya ƙiyasta mutum 30,000 yau ana ƙiyasta ya haura miliyan 4. Ina jakunan da za su kwashe sharar miliyan 4?

To, wa ake biya ya raba gida da shara? Yaro ne mai baro, ko almajiri, ko ɗan cin rani wanda bai sami aikin gadi ko turin kurar ruwa ba. A ba shi 'yan kuɗi kaɗan, wurin da hukuma ta ajiye don zuba shara kuwa yana da nisa, ko ya cika ya tumbatsa. In ya kai can, sawu ɗaya zai yi. In ya juye a lambatun bayan layi, sai ya yi sawu biyar. Ba sai an yi wa kowa lissafi ba. Balle in hadari ya haɗu: kowa ya san yadda mata da yara ke fitowa da kwandunan shara da zarar an fara yayyafi, a juye a lambatu wai ruwa ya tafi da shi. Bakanike ya juye baƙin mai, mai gidan wanka da bahaya ya buɗe bututunsa da tsakar dare.

Ruwa ya tafi da shi ina? Wannan ita ce tambayar da ba a yi. Mutane da yawa suna zaton akwai wani wuri a ƙarshen lambatu inda gwamnati ke tace ruwan. Babu. Lambatu don ruwan sama aka yi shi, abin da ya shiga bakinsa haka zai fita a gindinsa. A 1976 aka gama madatsar ruwa a kan Jakara a Wasai, cikin ƙasar Minjibir, ɗaya daga cikin madatsun da aka tsara tun zamanin Gwamna Audu Bako don noman rani. Duk abin da Fagge da Sabon Gari da Bompai suka zubar, can yake taruwa. A can ana kamun kifi, ana shayar da shanu. Tun kafin a kai can ma, duk tsawon bakin Jakara da Getsi lambuna ne: latas, da alayyafo, da kabeji, da karas, da albasa. Da wannan baƙin ruwa ake ba su, don ba ya ƙafewa, kuma ganye yana yin kyau da shi. Malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, sun sami kuromiyam da dalma da wasu ƙarafa masu guba, ban da ƙwayoyin cuta na bayan gida. Dalma ba ta da ɗanɗano, ba ta sa ciwon ciki ranar da aka ci, taruwa take yi a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Wanda ya ji labarin Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400, ya san ba abin wasa ba ce. Da safe a yanko latas ɗin a kawo kasuwa, yaron nan mai baro ya sayi kwaɗon latas da ƙuli ya karya kumallo. Abin da ya juye da dare ya dawo masa a kwano.

Hukuma ba ta zauna haka kawai ba. A 1984 mulkin soja na Janar Buhari da Idiagbon ya kawo yaƙi da rashin ɗa'a, a watan Yuli na 1985 kuma aka ƙaddamar da sashen tsabtar gari a Kano ɗin nan. Aka sa ranar Asabar ta ƙarshen wata kowa ya fito ya yi shara ya yashe kwata, soja na tsaye da bulala. Waɗanda suka ga lokacin sun ce gari ya yi kyau. Mu ma a zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, Samariya ta yi irin wannan aikin gayya, ana kiɗa ana share gari. Tsabtar ƙarshen wata ta daɗe bayan sojan da suka kawo ta, Kano kuma ta kafa hukumar kwashe shara mai suna REMASAB. Amma duk wanda ya zauna birni ya san yadda abin kan ƙare. A yaso dagwalon kwata a tara a bakinta, a jira motar da za ta kwashe, mota ba ta zo ba, awaki su baje, ruwa ya sauko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wata mai zuwa a sake yaso shi. A ganina bulala tana iya sa mutum ya yashe kwata, amma ba ta iya gaya masa inda zai kai abin da ya yaso.

A mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin rufe Jakara da Kwarin Gogau a shimfiɗa titi a kai. Inda aka rufe, ido ya huta, hanci ma ya ɗan huta. Ruwan dai yana nan a ƙasa yana tafiya Wasai yadda yake. A watan Agusta na 2022 aka yi ruwa mai ƙarfi, ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, aka yi ta maganar gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa da magudanun da suka toshe. Sunan kasuwar ma ya isa gargaɗi. Kwari ai hanyar ruwa ne.

Kada mu ɗauka wannan halin baƙar fata ne. Birnin Landan ya yi irinsa. Magudanunsu na ƙarƙashin ƙasa tun asali don ruwan sama aka yi su, sai aka riƙa haɗa su da bayan gida, duk ya zube a kogin Thames, a kogin nan kuma ake ɗibar ruwan sha. Kwalara ta kashe musu mutum wajen 14,000 a 1848 da 1849. A 1854 wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana ƙirga mamata a wata unguwa, ya gano kusan duk daga famfon rijiya ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. A 1858 warin kogin ya hana 'yan majalisa zama, sai a sa'an nan suka ba da kuɗi aka gina wa ƙazanta hanyarta dabam. Su ma sai da warin ya isa hancin manya.

Mu dawo gida. Mu mutanen ƙasar Damagaram ba sai an gaya mana darajar ruwa ba. Faransawa sun shiga Zinder a 1899, suka mai da ita babban birnin ƙasa a 1911, a 1926 suka kwashe suka koma Yamai, ƙarancin ruwa kuwa yana cikin dalilan da aka bayar. Garin a kan dutse yake zaune, har yau daga nesa ake jawo masa ruwan sha. Amma garin nan da ke kukan ƙishirwa da rani, shi ne ke kukan ambaliya da damina, tabkunansa da lambatunsa sun cika da leda kamar na Kano. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a ƙasar Nijar, a farkon Satumba na shekarar kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe saboda yawan ruwa. Ruwan sama na Allah ne, ba mai hana shi sauka. Amma in ya sauka ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya shiga gidaje, ya cika masai ya tumbatso, ya kwashi abin da ke ciki ya kai rijiya. Ta haka amai da zawo ke shiga gari. Cutar kwalara ta iso ƙasashenmu a 1970 da 1971, tun daga nan ba ta yi nisa ba. A 2018 ta ɓarke a jihar Maraɗi wajen Madarunfa, a 2021 ta sake dawowa ta taɓa Maraɗi da Damagaram da wasu jihohi, a Nijeriya kuwa a wannan shekara ta kashe mutum sama da 3,000. Mu da ke bakin iyaka, kasuwarmu ɗaya da mutanen Jigawa, abin da ya sami Maigatari ko Babura bai yi mana nisa ba.

Doka kuwa akwai ta. Tun 1993 ƙasarmu ta yi dokar tsabtar jama'a, a 2010 aka yi dokar ruwa, a ranar 5 ga Nuwamba 2014 kuma aka yi dokar da ta hana yi da shigowa da sayar da ledar nan marar kauri. Kowa ya je kasuwa ranar da take ci ya duba ƙayoyin bayan gari da yamma, ya ga yadda dokar ke aiki. Tun kafin dokar gwamnati ma akwai wadda muka karanta a zaure. Duk wanda ya yi Ishmawi ko Risala ya san ruwan da najasa ta sāke masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a alwala da shi, malamai kuma sun gaya mana an hana yin bawali a ruwan da ke tsaye, da yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Ban ga bambanci tsakanin wanda ya tsuguna a bakin tabki da wanda ya juye fo a hanyar ruwan da za ta kai tabkin ba.

Wani zai ce, mu a Dogo-Dogo ina muka ga lambatun siminti da za a yi mana wannan dogon labari? Gaskiya ne, namu bai kai na birni ba. Amma muna da hanyar ruwa, ko ba siminti. Kowane ƙauye ya san lungun da ruwa ke bi in an yi mamako, da ramin da aka haƙi ƙasar gini, da tabkin da dabbobi ke sha, yara ke wanka, mata ke wanki. Ƙasarmu yashi ce, abin da aka zuba a kanta ba ya daɗewa yake nutsewa, a wuraren fadama kuwa ruwa ba shi da nisa. Leda ta riga ta iso, da batir, da kwalbar maganin feshi wadda ake yarwa a bakin gona. Jakara ta ɗauki shekaru ɗaruruwa kafin ta mutu don sharar da mai ruɓewa ce. Tabkin ƙauye da sharar yanzu ba zai ɗauki haka ba.

Dattawa za su tuna kurkunu, yadda yake kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar noma, gida guda mutum uku huɗu. Ƙasar Damagaram tana cikin inda ya fi yawa. Ba allura ce ta kore shi ba. Tace ruwa aka yi da ƙyalle, aka hana mai ciwon shiga tabki, aka sa mutum a kowane ƙauye yana lura, masu gari suka tsaya a kai. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijar da Nijeriya. Watau an taɓa yi wa tabki mai tsaro a ƙauyukanmu, abin kuma ya yi.

Saboda haka ga abin da nake roƙon a duba a zaman ƙungiya mai zuwa, kafin ruwa ya sauka. A gida, a roƙi mai gari da liman su sa baki a raba leda da batir da kwalba daga juji tun a tsakar gida, don taki ya koma taki, manomi ya karɓe shi ba tsoro. Abin da aka ware a haƙa masa rami a tudu, nesa da hanyar ruwa. Masai da juji kada su kusanci rijiya, ma'aikatan lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakani, kuma masai ya kasance ta gangaren rijiya, ba ta samanta ba. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini kada a yi gaggawar cike su da shara don a sami fili, a fara duba inda ruwansu zai koma. In kuma wata rana magajin gari ya zo da maganar gina lambatu a kasuwa ko bakin hanya, a karɓa da hannu biyu, amma a tambaye shi tun ba a zuba siminti ba: ina bakinsa zai zube, wa zai riƙa yashe shi, da wace amalanke za a kwashe abin da aka yaso, a kai ina?

Ku kuma manyanmu na Kano da Damagaram, masu masauki, ku ne yaro ke fara sauka wurinku in ya zo cin rani, ku ne kuke ara masa kuɗin baro. Ku san inda yake juye abin da ya ɗauko. In wurin hukuma ya yi nisa, gara su haɗu su huɗu ko biyar su yi ciniki da masu unguwa a kan kuɗin da zai isa a kai shi can, su ware roba da ƙarfe da gwangwani su sayar wa 'yan jari-bola, abin da ke ruɓewa kuwa har yanzu akwai masu lambu da manoman bayan gari da ke nemansa in ba leda a ciki. Wanda ke da masaniyar wani mai gona ko mai tifa da ke sayen irin wannan taki, ya ba sakataren ƙungiya sunan unguwar, a sa a takarda ta gaba.